Zama cikin mota ba ya hana janwe ɗaukarta

Direbobinmu da yawa a Legas, musamman masu hulɗa da kasuwar Mile 12, sun daɗe da yarda cewa muddin kana zaune a sitiyari, inji na aiki, ka kunna sigina biyu, to ba fakin ka yi ba. Kuskure ne, kuma ya cinye kuɗin bayin Allah da dama.

Jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Legas da aka kafa a 2000, ba ruwansu da kana ciki ko kana waje. Abin da suke dubawa shi ne ko ka tare hanya. Tsayawa a layin da aka keɓe wa manyan motocin bas na BRT a titin Ikorodu, ko kan gada, ko bakin mahaɗa, laifi ne ko na minti biyu ne. Na ga wani dattijo yana ta rantsuwa buhun albasa ɗaya kawai ake sauke masa, alhali janwe ta riga ta ɗaura sarƙa. Wallahi ya ba ni tausayi.

Kuɗin da kake miƙa wa 'yan tasha su "duba maka mota" shi ma ba izini ba ne. Hukumar LASPA ce ke kula da wuraren fakin a jihar. In an ci ka tara, asusun gwamnati ake biya, ka karɓi rasit.