Dokar kamun kifi a sansanonin daji na jihar Mishigan lokacin kaka

Idan Satumba ta yi nisa a jihar Mishigan ta Amurka, ganyen itatuwa ya fara ja, mutane kan ɗauki tanti da fatsa su nufi sansanonin daji na gwamnatin jiha. Ba wuraren jin daɗi ba ne: babu lantarki, ruwa sai a famfon tuƙa-tuƙa, bayan gida kuma masai ne. Sai dai dokokin wurin ba su da sassauci, kuma baƙo ne ya fi saurin faɗawa ciki.

Kafin mota ta shiga, sai tana da izinin da ake kira Recreation Passport, wanda aka fara a 2010. Kamun kifi kuma lasisinsa daban. Duk wanda ya kai shekara 17 dole ya mallake shi, ɗan jiha ne ko baƙo, ko da niyyarsa ya kama ya saki. Lasisin shekara yana aiki daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Maris na shekara mai zuwa, akwai kuma na yini guda ga mai ɗan gajeren zama. Hukumar albarkatun ƙasa ta jihar ce ke bayarwa, kuɗin kuma yana komawa ga kiwon kifi da gyaran koguna.

Ranar da ya kamata kowa ya riƙe ita ce 30 ga Satumba. A yawancin ƙananan rafukan da kifin tirawut, wani kifi mai son ruwan sanyi, ke zaune, ana buɗe kamu ne ranar Asabar ta ƙarshen Afrilu, a rufe a wannan rana. Dalili kuwa, wasu nau'o'in wannan kifi da kaka suke zuba ƙwai a cikin tsakuwar rafi. Kama uwa ɗaya a lokacin asarar ɗaruruwan 'ya'ya ce, kuma mai tafiya cikin ruwa yana iya tattake ƙwan bai sani ba. Wanda ya san yadda ake hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai bikin Argungu ya zo ba zai ga baƙon abu a nan ba. Amma ba kowane ruwa ake rufewa ba. An kasa rafuka gida-gida, wasu a buɗe suke duk shekara, don haka sai mutum ya duba sunan ruwan da zai je a littafin dokoki na wannan shekarar.

Manyan kogunan da ke buɗe, irin su Manistee da Pere Marquette, su ne ke cika da jama'a, domin a lokacin ne kifin salmon ke barin Tafkin Mishigan ya hau kogi don zuba ƙwai. Daga yammacin Amurka aka kawo shi a shekarun 1960. Da ya shiga kogi ba ya damuwa da abinci sosai, ga shi ƙato, ga shi a ruwa marar zurfi ana kallonsa. Nan ne zuciya ke raya wa wasu su wurga ƙugiya su fizgo shi ta baya ko ta ciki. Doka ta haramta wannan. Kifin da ƙugiya ba ta kama a baki ba, ko da bisa kuskure ne, a mayar da shi ruwa nan take. Masu gadin daji suna sintiri a bakin kogunan, wanda aka kama kuma tara na jiransa. Ni dai ina bayan wannan doka ɗari bisa ɗari. Kifin da ya sha doguwar tafiya don ya bar baya, bai kamata a yage masa jiki a mashigin ruwa ba.

Sauran ƙananan kifayen da aka saya don ɗana fatsa, ba a zuba su cikin ruwa idan an tashi, domin suna iya yaɗa cuta. A zubar da su a tudu ko a kwandon shara.

Sai batun itacen wuta, tunda daren Oktoba akwai sanyi. Sare ɗanyen itace laifi ne. Hukumar kuma tana roƙon kada a ɗauko itace daga nesa, a saya a kusa da sansanin. A 2002 aka gano wani koren ƙwaro mai huda wata bishiya da ake kira ash a kusa da birnin Ditroit, ya kashe miliyoyin itatuwa, kuma a cikin itacen da matafiya ke lodawa a bayan mota ya riƙa tsallakawa daga daji zuwa daji.