Tashi saboda ambaliya ba ya raba mutum da gonarsa: abin da doka ta tanada kan aikin ƙaramar hukuma a lokacin iftila'i

Duk shekara, da zarar damina ta kai tsakiya kuma hukumomi suka fara gargaɗin ambaliya, sai wasu maganganu su fara yawo a majalisu da zaurukan WhatsApp na garuruwan da ke bakin kogi. Ana cewa duk wanda ya yarda ya bar gidansa saboda kiran ƙaramar hukuma, to ya sallama filinsa ke nan har abada. Ana cewa littafin da mai unguwa yake rubuta sunayen waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna shi ne za a yi amfani da shi daga baya wajen ƙwace gonakin fadama. Wasu kuma suna yaɗa cewa akwai fom ɗin hukumar agaji ta NEMA da ake saye, kuma wanda ya cike shi za a biya shi kuɗin duk abin da ya rasa. Waɗannan maganganu suna jawo asarar rayuka, domin saboda su ne magidanci yake gwammace ya kwana da iyalinsa a ɗakin ƙasa da ruwa ya riga ya ci gindin katangarsa, a kan ya koma makarantar firamare da ke kan tudu.

Kafin a warware su, ya kamata a san yadda aka tsara aikin. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, wato NEMA, an kafa ta ne da doka a shekarar 1999, inda ta maye gurbin wata tsohuwar hukumar agaji da aka samar a 1976 bayan farin da ya addabi Arewa a farkon shekarun 1970. Dokar ta sanya Mataimakin Shugaban Ƙasa ya jagoranci majalisar gudanarwar hukumar, ta kuma tanadi kwamitin agajin gaggawa a kowace jiha, wanda daga baya jihohi suka mayar da shi cikakkiyar hukuma da ake kira SEMA ta hanyar dokokin majalisunsu. Matsayin ƙaramar hukuma kuwa ya fito fili ne a cikin tsarin kula da iftila'i na ƙasa da NEMA ta shirya a 2010, wanda ya buƙaci kowace ƙaramar hukuma daga cikin 774 ta kafa nata kwamitin, wanda aka fi sani da LEMA ko LEMC. A bisa wannan tsari mataimakin shugaban ƙaramar hukuma ne ke jagorantar kwamitin, tare da sakatare, da shugabannin sassan ayyuka da lafiya da gona da ilimi, da baturen 'yan sanda, da 'yan kwana-kwana, da jami'an sibil difens, da ƙungiyar Red Cross, da wakilin masarauta.

Hikimar tsarin ita ce duk iftila'in da ya faru, a cikin wata ƙaramar hukuma ya faru, kuma sa'o'in farko, waɗanda a cikinsu ake ceto rai ko a rasa shi, suna wucewa tun kafin motar farko ta taso daga babban birnin jiha. An ga haka a Maiduguri da Jere a watan Satumba na 2024 lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, an kuma gani a Mokwa ta jihar Neja a ƙarshen watan Mayu na 2025, inda ruwa ya ci mutum fiye da 150 kafin gari ya gama wayewa. Saboda haka aka tsara aikin hawa-hawa: ƙaramar hukuma ce ke fara ɗaukar mataki, idan abin ya fi ƙarfinta ta kira SEMA, idan ya fi ƙarfin jiha sai NEMA ta shigo. Masu jiran Abuja ta zo ta cece su tun daga sa'a ta farko ba su fahimci tsarin ba, kuma shugaban ƙaramar hukumar da ya naɗe hannu yana cewa aikin NEMA ne, shi ma ya saki nauyin da ke kansa.

Mafi yawan aikin kwamitin ma kafin ruwa ya zo ake yin sa. A farkon kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina, sannan hukumar kula da lamuran ruwa ta NIHSA ta fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya, suna bayan suna. Aikin kwamiti ne ya ɗauki wannan gargaɗi ya isar da shi ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa da limaman Juma'a, ya sa a yashe magudanan da ledar fiya wata da yashi suka toshe, ya ware makarantun da za a sauke mutane, ya san masu kwale-kwale nawa ne a yankin da inda za a same su da tsakar dare. A kwarin Hadejia, inda garuruwa irin su Auyo da Ringim da Kafin Hausa suke fama da ruwan da ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa, kuma ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, mutane sun daɗe suna haɗuwa su yi jinga da buhunan ƙasa. Kwamitin da ya san aikinsa shi ne wanda zai kawo buhunan da motar ɗibar ƙasa tun kafin kogi ya cika.

Yanzu ga maganar fili, wadda ita ce ta fi tsorata mutane. Babu wani sashe a dokar NEMA, ko a tsarin 2010, da ya ba wa kwamitin agajin gaggawa ikon karɓe gida ko gona. Kiran da ake yi wa mutane su koma kan tudu mataki ne na ceton rai na ɗan lokaci, kuma barin gida na mako biyu ko wata biyu ba ya soke haƙƙin mai shi. Jerin sunayen da ake ɗauka, wanda galibi a littafin makaranta ake rubuta shi a bakin aji, da sunan magidanci da yawan iyalinsa da ɗakuna nawa suka faɗi da buhu nawa ruwa ya tafi da su, shi ne ake turawa SEMA don a ƙiyasta ɓarna a san yawan kayan da za a kawo. Wanda ya ɓoye sunansa bai kare gonarsa daga komai ba, rabonsa na tallafi kawai ya rasa.

To amma tsoron jama'a yana da tushe, kuma rashin gaskiya ne a ce ba shi da shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mallakar fili saboda buƙatar jama'a. Sashe na 6, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba, ya ba wa ita kanta ƙaramar hukuma ikon shiga filin da ba ya cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, kuma ba shi da takardar mallaka ta gwamna, ta yi amfani da shi don aikin jama'a, ta kuma soke haƙƙin gargajiya da ke kansa. Wannan ne ainihin abin da masu jita-jita suka ji ƙishin-ƙishin ɗinsa suka cakuɗa shi da aikin agaji. Sai dai wannan iko hanya ce daban, mai sharuɗɗanta. Dole ne ya kasance don amfanin jama'a na haƙiƙa. Idan gwamna ne zai soke, dole a ba wa mai filin sanarwa a rubuce da sa hannun jami'in da aka ba wa izini, kuma kotunan Najeriya sun sha rushe sokewar da aka yi ba tare da isar da sanarwa ba. Dole a biya diyyar gini da amfanin gona da duk gyaran da mutum ya yi a kan filin. Idan ƙaramar hukuma ce ta karɓi ƙasar noma, sashe na 6 ya wajabta mata ta ba wa manomin wata ƙasar a madadinta, idan kuma ta yi jinkirin biyan diyya, gwamna yana da ikon ya sa a ƙiyasta ya umarce ta ta biya. A saman duk wannan akwai sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya haramta karɓe dukiyar mutum da tilas sai da biyan diyya cikin hanzari da kuma damar zuwa kotu.

A ganina wannan doka tana da gurguntaka a wuri ɗaya, domin diyyar da take biya ta abin da aka ɗora a kan ƙasa ce, ita ƙasar kanta ba a saka mata farashi. Manomin da ya gaji fadama tun kaka da kakanni, wadda yake noma shinkafa da damina ya yi lambu da rani, idan aka musanya masa da jigawa mai nisa da ruwa, an cika sharaɗin doka amma an karya masa rayuwa. Wannan koke ne na gaskiya da ya cancanci a kai shi gaban 'yan majalisa. Duk da haka bai zama hujjar ƙin tashi idan ruwa ya taso ba, domin zama a cikin gidan ba ya hana a soke mallaka idan an yi niyya, kuma fita daga cikinsa ba ya jawo ta. Rusau da ake yi wa gine-ginen da aka dasa a kan hanyar ruwa ba tare da izini ba, shi ma a ƙarƙashin dokokin tsara birane yake, kuma yana da nasa matakan sanarwa.

Haka nan maganar da ake yi cewa ciyaman ya kafa dokar ta-ɓaci, saboda haka sojoji za su fitar da mutane da ƙarfi, ba ta da madogara. Sashe na 305 na kundin tsarin mulki ya bar wannan iko a hannun Shugaban Ƙasa shi kaɗai, da sharaɗin amincewar kashi biyu cikin uku na kowane zaure na Majalisar Tarayya. Gwamna ma roƙo kawai zai iya yi, bayan majalisar jiharsa ta amince.

Batun fom kuwa damfara ce tsagwaronta. Ba a sayar da fom ɗin agaji, ba a biyan ko kwabo don a sa sunan mutum, kuma duk wanda ya nemi lambar sirri ta katin banki da sunan zai turo tallafi ɓarawo ne. Abin da hukumomin agaji ke bayarwa tallafi ne don rage raɗaɗi, kamar shinkafa da masara da man girki da tabarma da bargo da gidan sauro, wani lokaci da kwanon rufi da siminti da ƙusa. Dokar NEMA ba ta yi alƙawarin mayar wa kowa kwatankwacin abin da ya rasa ba, kuma gara a faɗa wa mutane haka tun farko da a bar su suna jiran abin da ba zai zo ba.

Inda doka ta yi tsanani shi ne kan wanda aka danƙa wa kayan ya karkatar da su. Kansila ko ma'aikacin da ya kwashe buhunan da aka kawo wa waɗanda ruwa ya kora ya kai su kasuwa, ko ya cusa sunayen dangi da 'yan jam'iyya a jerin, ya aikata cin amana. A kundin hukunta laifuka na Penal Code da jihohin Arewa suka gada, cin amana yana iya kai mutum ɗaurin shekara 7, idan kuma ma'aikacin gwamnati ne ya ci amanar abin da aka danƙa masa a matsayinsa, sashe na 315 ya kai hukuncin har shekara 14 tare da tara. Sashe na 19 na dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shekarar 2000 ya tanadi ɗaurin shekara 5 ba tare da zaɓin tara ba ga jami'in da ya yi amfani da muƙaminsa ya amfanar da kansa ko danginsa ko abokan hulɗarsa ta haramtacciyar hanya. Hanyar da ta fi sauƙi wajen toshe wannan ƙofa ita ce a karanta jerin sunayen a bainar jama'a a ƙofar fadar dagaci kafin a tura shi, a kuma ƙirga kayan a gaban mutane ranar da mota ta sauke su. Wanda aka zalunta yana iya kai ƙara ga SEMA, ko ofishin ICPC, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a.

Babban raunin tsarin shi ne an ɗora wa ƙaramar hukuma aikin farko ba tare da an ɗaure ta da doka mai ƙarfi ba. Tsarin 2010 manufa ce ta gwamnati, ba dokar Majalisar Tarayya ba, don haka kwamitin yana samun gindin zama ne kawai idan dokar jiha ta tanade shi ko majalisar kansiloli ta yi masa doka ta ware masa kuɗi a kasafi. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki, wanda ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, bai ambaci iftila'i da suna ba, ko da yake ya ɗora musu gina magudanan ruwa da kula da su, da kwashe shara, da kasuwanni, da maƙabartu, da hannu a kiwon lafiya, waɗanda su ne ƙashin bayan rigakafin ambaliya da gobara da kwalara. Dokar NEMA ta ware wa hukumar ta ƙasa wani kaso daga asusun kula da muhalli, amma ba ta yi wa kwamitin ƙaramar hukuma irin wannan tanadi ba, shi ya sa a wurare da yawa yake zama suna a takarda, sai an yi asara a tuna da shi. Ambaliyar 2012 ta ci rai 363, ta 2022 kuma ta ci fiye da 600, kuma bayan kowacce NEMA ta sake kira ga jihohi su kafa waɗannan kwamitoci su ba su kayan aiki.

Shekara da shekaru uzurin shugabannin ƙananan hukumomi shi ne kuɗinsu yana maƙale a asusun haɗin gwiwa da jiha. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, kuma duk da jan ƙafar da aka gani wajen aiwatar da shi, hukuncin ya ba wa jama'a hujjar fuskantar ciyaman da kansilansu kafin damina su nemi sanin ko an kafa kwamitin, su wane ne a cikinsa, nawa aka ware masa a kasafin bana, da kuma makarantar da za a sauke mutanen kowace mazaɓa idan kogi ya ƙetare jinga.