Waiwaye: Gine-ginen simintin Kano da suka rasa gata

Duk wanda ya yi baƙo a Kano yana son nuna masa tarihi, Gidan Makama zai kai shi, ko Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa. Na farkon tun ƙarni na 15 yake, zamanin Muhammadu Rumfa. Na biyun kuwa nan Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a 1909. Dukansu ginin ƙasa ne, kuma an mai da su gidajen adana kayan tarihi. Ko da aka kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979, irin waɗannan ta fi sa wa ido a Kano, su da ganuwa da ƙofofinta.

Waɗanda ba a cika waiwaya ba su ne gine-ginen siminti. Bayan an ƙirƙiro jihar Kano a 1967, gwamnatin Audu Bako, wadda ta kai 1975, ta duƙufa kan aiki: ofisoshi, otal-otal, gidan zu. Masu zanen wancan lokaci sun san zafin garin nan. Sukan sa baranda mai faɗi, da bango na bulo mai huji-huji da iska ke ratsawa, da fukafukan kankare a bakin taga don tare rana. Mutum na iya wuni a ciki ba wuta bai jigata ba.

Sai dai ginin ƙasa ya san kowace shekara za a yi masa yaɓe, har Sarkin Magina gare shi. Siminti kuwa an ɗauka ba ya ciwo. Magudanar rufi ta toshe da ganye da leda, ruwa ya kwanta a sama damina bayan damina, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, kankare ya tsage. Kafin a farga, an ce gyara ya fi sabon gini tsada, alhali fili a tsakiyar gari ya zama zinariya.

Haka Otal ɗin Daula ya ƙare. Mallakar gwamnatin jiha ne, ya lalace a kan idon kowa, gwamnatin Ganduje ta miƙa wurin ga 'yan kasuwa, sannan a watan Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta tura motocin rusau kan sababbin gine-ginen da aka yi a filin. An yi ta cacar baki, amma duk a kan fili da kuɗi, da wa ya ba wa. Kusan ba wanda ya tambayi yadda asalin ginin yake, balle inda zanensa ya shiga.