Su wa suka gina layin dogon yammacin Amurka?

An daɗe ana ɗauka cewa Turawa kaɗai suka gina layin dogon da ya ratsa Amurka. Da dalili: a sanannen hoton bikin haɗa layin a 1869, da ƙyar za ka hango Basine.

Amma a ɓangaren Kalifoniya, Sinawa fiye da 10,000 ne suka ɗauki nauyin aikin. Su suka huda duwatsu cikin dusar ƙanƙara, wani lokacin ƙafa ɗaya ko biyu kacal a yini. Albashinsu bai kai na Turawa ba, abinci ma daga aljihunsu, abin tausayi. Har yajin aiki suka yi a 1867.

Mai son tabbatarwa ya nemi takardun biyan albashi da jaridun zamanin a intanet. Don Allah a tura wa 'yan'uwa.