Baƙi Mazauna Turai da Amurka a Aikin Agajin Mutanen Yukren: Tambayoyi da Amsoshi

Tun daga ranar 24 ga Fabrairu, 2022, da sojojin Rasha suka kutsa cikin Yukren, ana ta ba da labarin makamai da kuɗaɗen da gwamnatoci suka aika, amma ba a cika yin maganar waɗanda suka fara isa kan iyaka da abinci da barguna da motocinsu ba. Da yawa daga cikinsu baƙi ne a ƙasashen da suke zaune, wato mutanen da su kansu ƙaura ce ta kai su can.

Wane hali aka shiga har aka buƙaci masu aikin sa-kai da yawa haka?

Cikin mako guda da fara yaƙin, mutum miliyan ɗaya sun tsallaka iyakokin Yukren, kuma shugaban hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Filippo Grandi, ya ce Turai ba ta ga gudun hijira mai saurin wannan ba tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da yake dokar yaƙi ta hana maza masu shekara 18 zuwa 60 barin ƙasar, mafi yawan masu fitowa mata ne da ƙananan yara da tsofaffi, ga kuma sanyin hunturu. Sun cika mashigar Medyka da tashar jirgin ƙasa ta Przemyśl a Poland, da Siret a Romaniya, da Záhony a Hangari. Tarayyar Turai ta ba su kariya ta wucin gadi ranar 4 ga Maris, ta hanyar wata doka da aka yi tun 2001 ba a taɓa aiki da ita ba sai a lokacin. To amma doka takarda ce, ba ta shimfiɗa wa mutum katifa a daren farko, kuma manyan hukumomin agaji sun ɗauki makonni kafin su kafa ofisoshinsu su ɗauki ma'aikata. Wannan giɓi ne masu aikin sa-kai suka cike.

Su wane ne waɗannan baƙi?

Kaso mafi girma 'yan Yukren ne da suka daɗe a waje. Tun kafin yaƙin, an ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya daga Yukren suna aiki a Poland, a wuraren gine-gine da gonaki da masana'antu da gidajen kula da tsofaffi, kuma ɗakunan haya na waɗannan ma'aikata ne suka fara ɗaukar iyalan da suka gudo. A birnin Warsaw, Gidan Yukren, wanda baƙi 'yan Yukren suka kafa shekaru kafin yaƙin, ya koma cibiyar nema wa mutane masauki da ba su shawara kan takardu. Bayan su sai masu jin Rashanci da suka ƙaura zuwa Jamus da Amurka daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet a shekarun 1990, sai 'yan Belarus da suka gudu bayan zaɓen Agustan 2020, sai 'yan Siriya da suka isa Turai a 2015, da mabiya addinin Sikh mazauna Birtaniya, har ma da 'yan Rasha masu adawa da yaƙin.

Mene ne baƙo yake da shi wanda babbar hukumar agaji ba ta da shi?

Abu na farko shi ne harshe. Matar da ta kwana biyu a cikin jirgin ƙasa da yara, ta sauka a babbar tashar Berlin ba ta jin Jamusanci ko Turanci, ba abin da take bukata kamar wanda zai ji tambayarta ya ba ta amsa. Shi ya sa aka bambanta masu aikin sa-kai a tashar da launin rigar da suke ɗorawa a kan tufafinsu: ruwan ɗorawa ga masu jin Jamusanci ko Turanci, ruwan lemo ga masu jin Yukreniyanci ko Rashanci. A gefe guda kuma mutanen gari suna tsaye da kwali a hannu, an rubuta adadin mutanen da gidan zai iya ɗauka da tsawon kwanakin da za a iya ba su. Mai rigar ruwan lemo shi ne yake haɗa ɓangarorin biyu, domin in ba shi ba, mai gida da mai neman masauki sai dai kallon-kallo.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi na farko muhimmanci ko da yake ba a cika lura da shi ba, shi ne sanin hanya. Wanda ya taɓa zama sabon zuwa ya san ofishin da ake fara zuwa, da takardar da za a tambaya, da yadda ake sa yaro a makaranta, da yadda ake buɗe asusun banki ba tare da tsayayyen adireshi ba. A Poland, dokar musamman ta 12 ga Maris, 2022 ta bai wa 'yan gudun hijirar damar karɓar lambar shaida ta PESEL, wadda da ita ake samun kulawar asibiti da tallafi, kuma tsofaffin zuwa ne suka riƙa raka sababbi suna cike musu takardun. Duk wanda ya san yadda zango yake aiki a Kumasi ko Accra, inda baƙon da ya sauka yake neman ɗan'uwansa da ya riga shi zuwa ya ba shi masauki ya nuna masa gari, zai gane wannan tsari nan take.

Waɗanda suke nesa, kamar mazauna Amurka, me suka iya yi?

Yawancinsu kuɗi da kaya suka tara. Ƙungiyoyin Razom a New York da Nova Ukraine a California, waɗanda baƙi 'yan Yukren suka kafa a 2014 suna ƙanana, sun wayi gari suna aika magunguna da kayan asibiti na miliyoyin daloli. Tauraruwar fina-finai Mila Kunis, wadda aka haifa a birnin Chernivtsi na Yukren iyayenta suka ƙaura da ita Amurka a 1991, ta buɗe asusun tallafi da mijinta a intanet, aka tara fiye da dala miliyan 30 domin jigilar kayan agaji da sama wa mutane masauki. José Andrés, ƙwararren mai girki haifaffen Sifaniya da ya zama ɗan Amurka, ya kai ƙungiyarsa ta World Central Kitchen iyakar Poland a kwanakin farko, daga baya kuma ta riƙa biyan gidajen abinci na cikin Yukren su dafa wa jama'a.

Akwai kuma abin da ya faru a Tijuana, garin Meziko da ke kan iyakar Amurka. A watan Afrilun 2022 dubban 'yan Yukren sun taru a can suna jiran shiga, sai mambobin cocin baƙi masu jin Rashanci da Yukreniyanci daga biranen yammacin Amurka suka sauko, suka karɓi ragamar wani zauren wasanni da hukumomin garin suka bayar, suka tsara jerin sunaye da lambobi domin kowa ya san lokacin da za a kira shi. An rufe wannan hanya bayan gwamnatin Amurka ta fito da shirin da ya ba mazauna ƙasar damar ɗaukar nauyin 'yan gudun hijira, kuma a nan ma baƙi ne suka yi yawa cikin masu tsayawa mutane.

Me ya sa mutanen da ba 'yan Yukren ba suka shiga, har da 'yan Rasha?

Dalilan sun bambanta. Ɗan Siriya da ya bar Halab ya san jiragen yaƙin Rasha tun daga 2015, saboda haka ba sai an yi masa bayanin abin da mutumin Mariupol, birnin Yukren da Rasha ta yi wa luguden wuta, ya gani ba. Ga mabiya Sikh, ciyar da kowa kyauta ibada ce, kuma ƙungiyoyinsu irin su Khalsa Aid da United Sikhs sun kafa wuraren dafa abinci a kan iyaka. Su kuwa 'yan Rashan da suka fice zuwa Jojiya da Jamus da wasu ƙasashe, da yawa sun ɗauki aikin a matsayin hanyar nesanta kansu da abin da ake yi da sunan ƙasarsu. Wasunsu suna saya wa 'yan gudun hijira magani a Tbilisi, babban birnin Jojiya, wasu kuma suna tsara wa mutanen da aka kwasa zuwa cikin Rasha hanyar fita ta iyakar Estoniya. Ba kowane ɗan Yukren ne ya yarda ya karɓi taimako daga hannunsu ba, kuma wannan ba abin mamaki ba ne.

Haɗarin da suke ciki ma ba ƙarami ba ne. Ksenia Karelina, 'yar Rasha mai takardar zama 'yar Amurka, ta bai wa Razom kyautar kimanin dala 50 a 2022. Da ta je ganin danginta a birnin Yekaterinburg na Rasha aka kama ta, kotu ta yanke mata ɗaurin shekara 12 bisa laifin cin amanar ƙasa a Agustan 2024, ba ta fito ba sai a musayar fursunoni ta Afrilun 2025.

Ina labarin 'yan Afirka a cikin wannan al'amari?

Kafin yaƙin akwai dubban ɗaliban Afirka a jami'o'in Yukren, yawancinsu masu karatun likita, kuma 'yan Najeriya suna cikin mafiya yawa. Da aka fara gudu, da dama sun ba da labarin yadda aka hana su hawa jirgi ko aka mayar da su ƙarshen layi a kan iyaka, har Tarayyar Afirka ta fitar da sanarwar nuna damuwa ranar 28 ga Fabrairu. Waɗanda suka fara tallafa musu su ne 'yan Afirka mazauna Poland da Hangari da Romaniya da Birtaniya, waɗanda suka buɗe zaurukan WhatsApp da Telegram suna sanar da mashigar da ta fi sauƙi, suna tura kuɗin mota, suna kuma karɓar ɗalibai a gidajensu. Daga bisani gwamnatin Najeriya ta ware dala miliyan 8.5, jiragen Air Peace da Max Air suka fara kwaso mutane a farkon Maris. Kariyar da Tarayyar Turai ta bayar ba ta haɗa da yawancin waɗannan ɗalibai kai tsaye ba, saboda haka wahalarsu ta fi tsawo, kuma karatun da yawansu ya tsaya. Wanda zai yabi karamcin Turai a 2022, ya kamata ya faɗi wannan ma.

Shin aikin sa-kai ɗin ya haɗa da shiga yaƙi?

A'a, abubuwa biyu ne daban. Gwamnatin Yukren ta kafa runduna ta musamman domin 'yan ƙasashen waje masu son yin faɗa, kuma Najeriya da Senegal sun fito fili a Maris 2022 sun ƙi yarda a ɗebi 'yan ƙasarsu. Abin da ake magana a nan shi ne abinci da magani da masauki da jigilar farar hula. Sai dai iyakar takan yi duhu, domin wasu ƙungiyoyin baƙi suna aika kayan tsayar da jini da motoci da na'urorin sadarwa waɗanda sojoji ne suke amfani da su, alhali manyan hukumomi irin su Red Cross ƙa'idarsu ita ce rashin ɗaukar ɓangare. Ya dace mai ba da gudummawa ya tambayi inda kuɗinsa za su je tun kafin ya bayar.

Waɗanne matsaloli aka samu, kuma ina aka kwana yanzu?

Kyakkyawar niyya ba tare da tsari ba ta jawo ɓarna. Tsofaffin tufafi sun taru a kan iyaka har aka rasa inda za a zuba su, shi ya sa hukumomi suka riƙa roƙon a aiko kuɗi maimakon kaya. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne yadda kowa yake iya zuwa da mota ya ce zai ɗauki mata da yara, lamarin da ya buɗe ƙofa ga masu safarar mutane, har sai da aka fara yi wa direbobi rajista. Sannan ga gajiya, domin ma'aikacin da ya ba da ɗakinsa da tunanin mako biyu ya tsinci kansa da baƙi na shekara.

Bukatun ma sun sauya. Daga Oktoban 2022, da Rasha ta fara kai hari kan tashoshin wutar lantarki, janareto da kayan ɗumama ɗaki suka zama abin nema, yau kuma an fi bukatar koyar da harshe da neman aiki da kula da waɗanda yaƙi ya taɓa lafiyar ƙwaƙwalwarsu. Poland ta daina biyan zuloti 40 (kuɗin ƙasar) a rana ga masu ba da masauki a Yulin 2024, Amurka kuma ta dakatar da shirinta na ɗaukar nauyi a Janairun 2025. Har yanzu fiye da mutum miliyan 4 suna ƙarƙashin kariyar wucin gadi a Tarayyar Turai, Jamus da Poland ne suka fi ɗaukar su, kuma a cibiyoyin agaji na Warsaw da Berlin, da yawa daga cikin masu yin tafinta da cike takardu a yanzu matan da suka iso a 2022 ne.