Waiwaye: yadda aka koya wa ƙwayoyin kolloyid jera kansu

Duk wanda ya ɗebo ruwan kogi a Argungu da damina ya san jan ruwan nan ba ya kwantawa da wuri sai an jefa masa alif. Ƙwayoyin lakar ƙanana ne ƙwarai, kuma cajin lantarkinsu iri ɗaya ne, shi ya sa suke ture juna. Da alif ya kashe cajin sai su dunƙule su nutse. Irin wannan gauraye shi masanin sinadarai Thomas Graham ya raɗa wa suna kolloyid a 1861. Sai dai dunƙulewar alif cakuɗe ce kawai, masana kuwa jeri mai tsari suke nema.

An fara da daidaita girma. A 1968 Werner Stöber ya nuna yadda ake samun ƙwayoyin silika masu girma ɗaya daga wani sinadari mai ɗauke da silikon, TEOS, cikin etanol, da ruwa da amoniya. A 1986 Pusey da van Megen suka ga cewa ƙwayoyin roba masu girma ɗaya na fara jeruwa da kansu idan sun cinye kusan rabin wurin da ke cikin ruwan. Amma jerin bai wuce na tulin lemu a kasuwar Birnin Kebbi ba, kowace da maƙwabta 12, domin mulmulalliyar ƙwaya ba ta da gaba ba ta da baya. Masu nazarin haske kuwa jeri irin na ƙwayoyin zarra a cikin daimon suke so, mai maƙwabta 4, tun da wani lissafi da aka yi a 1990 ya nuna zai iya tare wasu launukan haske ta kowace fuska.

Mafita ita ce a yi wa ƙwayar faci, wato a sa wasu wurare kaɗai su zama masu manne. Masanin fiziks De Gennes ya yayata batun ƙwayoyi masu fuska biyu a jawabinsa na kyautar Nobel a 1991, Sharon Glotzer kuma ta gwada masu faci a kwamfuta a 2004.

Aikin da ya fi nuna dabarar shi ne na ɗakin binciken Steve Granick a jami'ar Illinois ta Amurka, 2011. Ana shimfiɗa ƙwayoyi masu faɗin mikromita 1 (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) bisa gilashi, ba wata a kan wata, a feso musu tururin titaniyam sannan na zinariya a karkace, yadda inuwar maƙwabta za ta rage faɗin facin. A ɗauke su da tambarin roba, a juya, a sake fesa wa ɗaya gefen. A shafa wa zinariyar sinadari mai ƙin ruwa don faci ya riƙa manne da faci, tsakiyar ƙwayar kuma ta zauna da cajinta. Da aka zuba gishiri kaɗan don rage ƙarfin cajin, kowane faci ya kama maƙwabta biyu, aka sami saƙa irin ta kwandon Japan, kagome. Gishirin nan shi ne wuyar aikin. In ya yi kaɗan, ba sa kusantar juna. In ya yi yawa, duk inda suka haɗu nan suke liƙewa, babu damar su saki su gyara zama, an koma aikin alif ke nan. Faci ma in ya yi faɗi sai ya kama uku, saƙar ta lalace.

A 2012 David Pine da abokansa a jami'ar New York (NYU) suka sa zaren DNA a kan facin, wanda ke saki da zafi ya kama da sanyi. Duk da haka daimon ya ƙi samuwa, saboda ƙwayoyin na juyawa a mahaɗarsu. Sai a 2020 suka dace: ƙwayoyin robar folistirin huɗu a matse da ɗigon mai a tsakiya, man ya ɓullo ta fuskoki huɗu ya zama faci, ƙwayoyin huɗun kuma, kamar ƙusoshi, suka shiga tsakanin na maƙwabta suka hana juyawar. Ana sanyaya ruwan a hankali ƙwarai don zaren DNA da ke kan facin ya kama. Folistirin ba ya karya haske sosai, don haka jerin nasa zubi ne kawai, sai an cike ramukansa da abu mai karya haske sosai irin titaniya an cire robar.