Kwaikwayon ɗab'in ƙarfe a kwamfuta

Kwaikwayon ɗab'in ƙarfe a kwamfuta hanya ce ta hango abin da zai sami ƙarfe a cikin injin ɗab'i mai fuska uku tun ba a kunna injin ba. Wannan inji garin ƙarfe yake shimfiɗawa, kaurin maikiromita 20 zuwa 60, sau da yawa bai kai silin gashi ba. Hasken leza ya bi ya narkar da inda zane ya nuna, a ƙara shimfiɗa wani a kai, haka har sau dubbai. Fasahar wannan inji ta fito ne daga cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Aachen a Jamus, a shekarar 1995.

Zafi ne tushen matsalar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin mai walda a titin Bauchi cikin Jos ya ga yadda ƙyauren ƙarfe kan karkace idan walda ta huce, har sai an sa guduma. Hakan ke faruwa a cikin injin, sai dai ɗan gurbin da ya narke bai kai ƙwayar gero ba, kuma kafin ƙiftawar ido ya daskare. Sabuwar shimfiɗa tana tsukewa, tana jan wadda ke ƙarƙashinta, kayan su lanƙwashe ko su tsage. Idan wutar ta yi yawa kuma, ƙarfen kan yi tururi ya bar ƙananan ramuka a ciki, waɗanda ido ba ya gani.

Daga ilimin walda aka gaji lissafin: na masani Rosenthal tun shekarun 1940, da na masani Goldak na 1984, duka kan yadda zafi ke yaɗuwa daga wuta mai tafiya. Kwamfuta tana yanyanka zanen zuwa ƙananan gutsattsari, ta lissafa zafi da tsukewar kowanne. Bin sawun leza taki-taki yana cin makonni, shi ya sa manhajoji irin su Simufact Additive da Ansys suke dunƙule shimfiɗu da yawa wuri guda. Da wannan sakamako injiniya ke karkata zane da gangan, don idan ƙarfen ya huce ya dawo daidai. Garin ƙarfe irin na titaniyam da tsada, ba abin gwaji ba ne, shi ya sa ake fara gwadawa a kwamfuta.

Tun 2018 NIST, hukumar ma'aunai ta Amurka, ke fitar da ma'aunan gwaji, AM-Bench, don masu lissafi su auna hasashensu da zahiri. Ma'aunan suna intanet kyauta, saboda haka ɗalibin injiniya a Jos, garin da Cibiyar Bunƙasa Fasahar Ƙarafa ta Ƙasa take, zai iya fara wannan aiki da kwamfuta ko da bai taɓa ganin injin ba.